Hoton Kan Barau Direba

"Kada ka motsa kai, Baba, saura kaɗan," in ji ma'aikaciyar asibitin.

Barau ya runtse ido a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, tana ta ƙara a kunnensa kamar injin niƙa. Shekara ashirin da biyu yana jan mota tsakanin Batsari da Katsina, ko akuya bai taɓa bugewa ba. Amma wata uku ke nan gabansa kawai yake gani, abin da ke gefe ya ɓace masa. A hanyar Wagini ya kusa take wata mai tallar nono, bai gan ta ba sai da fasinja suka yi salati. Bai gaya wa kowa ba. Matarsa Hansai ce ta lura, ta kuma matsa masa har suka zo asibiti a Katsina.

Bayan azahar likita ya juyo musu da kwamfuta, ya nuna wani ɗan dunƙule kamar goro.

"Idonka lafiya lau, Malam Barau. Ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, shi ya danne jijiyar gani."

"Makancewa zan yi ke nan?"

"Ba na zato. Irinsa galibi ba mugu ba ne, kuma kun zo da wuri. Za mu tura ka Kano, ta hanci ake bi a cire shi. Da yawa ganinsu yana dawowa, da yardar Allah."

Hansai ta ja mayafi ta share ido. Likita yana cikin rubutu ya ɗago kai.

"Wa ya tuƙo ku?"

Barau ya sunkuyar da kai. Hansai ta kalli makullin motar da ke hannunsa.

A waje ya daɗe tsaye jikin motarsa, makulli a hannu. Can ya kira Jinjiri a waya, abokin aikinsa da ya yi wata biyu ba mota, wanda kullum yana tasha. Da Jinjiri ya iso a kan acaɓa, Barau ya miƙa masa makullin.

"Ka riƙe ta har in dawo daga Kano. Giya ta uku tana gardama, ka lallaɓa ta."

Ya zagaya ya zauna a kujerar fasinja, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Mu biya ta tasha tukuna," in ji shi. "Kada mu koma Batsari wayam."