Kunnen da Ya Rage

A gidan man da tsofaffin garin ke shan gahawa da safe, abu biyu ake faɗa game da Wendell Haugen. Na farko, duk wannan yanki na jihar Montana ta Amurka babu wanda ya kama ƙafarsa wajen ɗura harsashi da hannu. Na biyu, tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Ko ranar da bindiga ta tarwatse a hannunsa shekarun baya, kowa ya san albarushi ya cika wa kwanso, amma shi cewa ya yi ƙarfen ne ba shi da kyau. Ya tsira da tabo a haɓa. Matarsa Doreen, da ke tsaye a damansa tana duba masa allon harbi, kunnenta na hagu ne ya tafi.

Yau ma ita ta tuƙo akori-kurar zuwa filin harbi, don idonsa ya fara hazo. Yana rungume da akwatin harsasan tagulla da ya sassaƙa da kansa a gareji. 'Yarsu ta samo musu gida a birni kusa da asibiti, gidan da ba shi da gareji, kuma Doreen ta riga ta ce daga wannan Asabar ba za ta sake kawo shi ba.

Arlis, mai kula da filin, ya fito daga rumfarsa yana hura hannu.

"Mutumina, ba ka gajiya? Wannan tagullar taka ta girmi jikokina."

"Na sake mata baki," in ji Wendell. "Wannan karon barewa ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba. Babu sauran bin jini cikin daji."

"Haka ka ce bara. Doreen, ke ma kin biye wa tsohon nan?"

"Me?"

"Na ce kin biye masa!"

"To in bar shi ya tuƙo kansa cikin kwazazzabo?" Ta zuge jar rigar sanyinta har wuya. "Yi abin da za ka yi, tsoho. Ƙafata ta fara mutuwa."

Harsashin farko, kamar yadda ya koya bayan abin da ya faru, ba da kafaɗa ya harba shi ba. Ya ɗaure bindigar a jikin tsohuwar taya, suka koma bayan mota, ya ja kunamar da igiya. Ya ɗauki kwanson ya jujjuya shi a rana, ya shafa gindinsa da babban yatsa. Lafiya lau. Arlis ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen murhunsa.

Wendell ya zauna a kan benci ya rufe kunnuwansa da matoshi. Dokar filin ɗaya ce, kowane yaro ya san ta: kafin ka taɓa kunama sai ka ce "Zan harba," kuma sai an amsa maka. Amma Doreen ta daɗe ba ta jin kiran. Shi kuwa ya daɗe da mai da shirunta amsa.

Uku-uku yake harbawa, kowane rukuni da awon albarushinsa. Rukunin farko ya watsu kamar an watsa wa kaji tsaba. Na biyu ma haka. Doreen na leƙawa ta madubin hange tana nuna masa da yatsa: sama, hagu, waje. Ba ta ko ɗaga murya. A rukuni na uku ne ta daɗe ba ta ɗago ba. Sannan ta haɗa yatsu uku wuri ɗaya ta nuna masa.

Ya leƙa akwatin. Saura harsashi ɗaya daga wannan awon. Ya taɓa bututun bindigar, ya ji da zafi. Dole ya jira ya huce, in ba haka ba gwajin ya tashi a banza. Ya lumshe ido ya jingina goshinsa da hannu. Bai ga iska ta ɗage gefen takardar allon ba. Bai ji Doreen ta ce bari ta je ta manne ta ba.

Da ƙarfen ya yi sanyi, ya ɗura, ya kwantar da kuncinsa.

"Zan harba."

Shiru, kamar kullum. Yatsansa ya fara matsa kunama. A cikin madubin bindigar ya ga wani ja-ja ya rufe rabin allon. Ya ɗauka idonsa ne ke masa halinsa, ya ƙifta. Jan ya motsa. Hannu ya bayyana, sanye da tsohuwar safarsa ta fata wadda ta yi wa faci a babban yatsa.

Ya daɗe kafin ya iya miƙe yatsan. Ya zare harsashin ya jefa a aljihu, ya cire matoshin kunnen, ya kama hanyar allon. Ya yi ta ratsa busasshiyar ciyawa. Bai taɓa lura filin na da nisa haka ba. Ita ke zuwa kullum.

Ya same ta tana danna ƙusa da gindin wuƙa.

"Zo ka gani," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Uku kusan a rami ɗaya. Ka ci, tsoho. Je ka harba na ƙarshen mu tafi gida, akwai sauran kwalaye da ban ɗaure ba."

Bai kalli ramukan ba. Yana tsaye a hagunta, ya buɗe baki, maganar ta fito ƙasa-ƙasa.

"Me?" Ta yamutsa fuska. "Kullum sai ka tsaya mini ta nan."

Wendell ya zagaya ta bayanta a hankali, ya tsaya a damanta, ya cire hula. Ya ɗaga murya yadda har Arlis ya leƙo daga rumfa.

"Ba ƙarfen ba ne, Doreen. Ni na cika albarushin. Ki yafe mini."