Igiyar Awon Ƙirjin Vandi

Mijina Vandi ya dawo daga wurin ɗaukar soja a farkon shekarar 1967 da rigarsa a hannu, ko tunawa bai yi ya mayar da ita jikinsa ba. Tun daga filin da aka jera su har Lokuwa inda muke zaune, haka ya ratso Mubi ba riga. Ina hango shi na san ba a ɗauke shi ba.

"Maman Miriyamu, ƙirjina bai kai ba," ya ce da ni. "Saura inci ɗaya da rabi. Nauyi ya kai, amma a kan layi yake cif, ko laba ɗaya babu a sama. Sajan ya ce bayan wata uku za su dawo. In ƙirji ya cika, nauyi kuma bai sauka ba, za su ɗauke ni."

Ya zaro wata igiyar rama daga aljihu. Ashe kafin ya bar filin ya roƙi sajan ya bar shi ya gwada ta a jikin abin awonsu, ya yi ƙulli daidai inda ake so ƙirji ya kai. Na zagaya masa ita a ƙirji na ja, sai bakinta ya wuce ƙullin da faɗin yatsa biyu. Wannan yatsa biyun ne ya hana mu sakat wata uku.

Vandi shi ne na huɗu a 'ya'yan babansa maza. Kafin rabon gonar dutse a Michika ya iso kansa, abin da ya rage ko akuya ba za ta ƙoshi a ciki ba. Shi ya sa muka sauko Mubi, yana dakon buhu a rumfar awon gyaɗa, aikin da yake ƙarewa da ƙarewar kaka. Soja ne kaɗai aikin da ya gani wanda ba a tambayar takarda, kuma ba ya ƙarewa da rani.

Maƙwabcinmu Baba Elkana ya yi yaƙin Bama a zamanin Turawa, ya dawo da igiya biyu a hannun riga da wani kwat mai nauyi kamar bargo uku. Yana jin labari ya shigo gidanmu ba sallama, ya latsa damtsen Vandi kamar mai sayen kaza.

"Ba ni shi wata ɗaya," in ji shi. "Gumi ne yake fito da nama. Haka aka yi mana."

Ya samo sandar ƙarfe daga jikin wata matacciyar mota, ya cusa kowane bakinta a gwangwanin man gyaɗa cike da siminti. Kullum da asuba Vandi zai sa kwat ɗin nan ya yi gudu a hanyar Vimtim har rana ta ɗago, ya dawo ya hau ɗaga ƙarfe ba ƙidaya, sai hannu ya ƙi. Abinci kuwa sai rana ta take, wai yunwa tana ƙara wa soja zuciya. Ban ce Baba mugu ne ba. Mutanen da ya taɓa horarwa masu tumbi ne, an narkar da kitsensu nama ya fito. Shi kuma nawa mijin ba shi da kitsen da za a narkar, in ba na idonsa ba.

Bayan sati uku jijiyoyi suka fito masa raɗa-raɗa, cikinsa ya rabu gida-gida. Sai in kama shi yana leƙa kansa a ruwan daro yana murɗa hannu. Haƙarƙarinsa ma sun fito, amma su bai gan su ba.

A duk unguwar sikeli ɗaya muka sani, na rumfar gyaɗa, mai ƙugiya a sama. Malam Gabdo mai awo ya rataya buhu wofi ya ce Vandi ya shiga ya zauna. Ya daɗe yana kallon allurar.

"Laba shida ya tafi, Vandi," ya ce. "In gyaɗa ne, sai in ce ɓera ya shiga buhu."

Da muka koma gida na gwada igiyar. Yatsa biyu ya zama uku.

A nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a coci ba. Na ji daɗi. Ba na so ya tafi. Tun bara ake ta jin labarai marasa daɗi daga Kaduna da Ikko, ga Miriyamu ko yaye ta ban yi ba. Na san sarai abin da ke cin jikinsa, na kuma san maganinsa, amma na ja bakina na yi shiru sati guda cur. Ina kallonsa yana fita da kwat yana dawowa yana layi.

Ran Lahadi bayan an tashi sujada na neme shi ban gan shi ba. A bayan rumfar gyaɗa na same shi zaune a kan dutse, igiyar a hannunsa, yana ta murɗa ta da ƙarfi ko za ta gajarce. Mutum ne da ba ya kuka, amma wannan ya fi kuka ciwo a wurina. Kunya ta kama ni har na kasa kiran sunansa.

Washegari da asuba na riga shi tashi, na ɗauke kwat ɗin na kai wa mai shi.

"Baba, ga kayanka. Gudu ya ƙare daga yau."

"Salomi, me mace ya sani a aikin soja?"

"Ban san soja ba, Baba, amma shekara nawa kana ganina ina ɗaure rago a turke ina sayarwa da Layya da Kirsimeti? Ka taɓa ganin na kora shi Vimtim da gudu? Abin da ya ci a jikinsa yake zama, don ba ya zubar da shi a hanya."

"Mutum ba rago ba ne. Kitse za ki sa masa, ya zama kamar ɗan kasuwa."

"Shi ya sa ban ce a jefar da ƙarfen ba. Ka dubi bijiman noma na 'yan'uwan Malam Gabdo. Da safe su ja garma mai nauyi, kafin rana ta yi zafi an kwance su, su ci, su kwanta. Ka ga kitse a wuyansu? Ƙarfe naka ne, Baba. Tukunya tawa ce."

Ya yi ta gunaguni, amma ya yarda, don shi ma ya ji labarin laba shida.

Aka ƙara wa gwangwanayen siminti har Vandi ba ya iya ɗaga sandar fiye da sau takwas a jere. Ya kwanta a benci ya tura ta daga ƙirji, ya huta, ya sake, sau huɗu ko biyar, shi ke nan. Wani lokaci ya kife a ƙasa Baba ya ɗora masa rabin buhu a baya yana tura jikinsa sama da hannu. In ya yi yau, gobe ba ya taɓa ƙarfe. Wannan hutun ne ya fi ba Baba haushi, yakan zo ya tsaya a ƙofa yana kallon Vandi yana barcin rana, yana girgiza kai.

Ni kuma na sa shi a turke. Da safe kunun gyaɗa mai kauri da ƙwai biyu na zabina. Yana ajiye ƙarfe ga kindirmo daga wurin Asta mai nono, na farfasa ƙuliƙuli a ciki. Da rana wake, da yamma tuwon dawa, in Allah ya hore a sa kifin kogi a miya. Tunkuzar da nake ajiye wa ragona ta koma cikin miyarsa, ragon ya yi ta kallona da ido. In ya ce ya ƙoshi sai in ce ban tambaye shi ba.

Laba shidan suka dawo a wata guda, wasu uku suka biyo su. Gidajen cikinsa da yake leƙawa a daro ba su ɓace ba, sai ma kafaɗa ta buɗe, ƙirji ya taso, rigarsa ta coci ta fara ɗame shi a hammata. Malam Gabdo ya ce, "Matan ka ya san kiwo." Ana saura kwana huɗu masu ɗauka su dawo na zagaya igiyar, bakinta ya tsaya a kan ƙullin, ba ragi ba ƙari. Vandi ya ɗaga ni sama da hannu ɗaya yana dariya. Ni ma na yi dariyar, sannan na shiga madafi na zauna na daɗe.

Sun ɗauke shi. Sajan ma bai gane shi ba. Babbar mota ta kwashe su ana gab da saukar damina, Baba Elkana ya ƙame a bakin hanya ya sara musu. Wata uku ba su cika ba aka fara yaƙin basasa.

Shekara uku ina tambayar kaina wace irin mace ce take ciyar da mijinta da hannunta don a kai shi inda ake harbi. Na daina kiwon rago, don ba na iya kallon dabba a turke tana ci tana murna. Igiyar kuwa tana rataye a ƙusa bayan ƙofa.

Ya dawo a 1970 da ƙafafunsa biyu da hannuwansa biyu, na gode wa Allah. Kakin yana lilo a jikinsa kamar a kan sanda. Miriyamu ta ɓuya a bayana, ba ta san shi ba. Da mutane suka watse ya hango igiyar, ya cire riga da kansa ya ɗaga hannuwa. Na zagaya ta. Bakinta ya wuce ƙullin da tafin hannu guda.

"Yanzu kam ba za su ɗauke ni ba," ya ce, yana ƙoƙarin murmushi.

Ƙullin ya yi tauri, sai da na sa haƙori kafin ya kwance. Na ɗaure bakin buhun gyaɗa da igiyar bayan na ɗebi mudu biyu, na ce masa ya zauna, kunu ba zai daɗe ba.