Kanwa a Kunun Safiya

Shekara talatin da ɗaya Malam Hashim ya yi yana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandare, da ya yi ritaya kuma ya ɗora wa kansa aikin da ba wanda ya sa shi. Ya sayi ƙaton littafi mai baƙin bango, kullum da hantsi sai ya baje a zauren gidansa na Mandawari yana rubuta kalmomin likitoci da na kimiyya, gefe ɗaya Turanci, ɗaya gefen Hausar da ya ga ta dace. Duk wanda asibiti ya ba takarda a unguwar wurinsa yake kawowa. Shi kuwa sai ya saƙala tabarau, ya ja tsaki, ya ce mutanenmu ba sa son ilimi, sannan ya karanta musu.

Da 'yarsa Safiya ta haihu aka kawo ta gida wankan jego, mijinta Mikail ya miƙa masa takardar likita. Jininta ya hau wajen haihuwa, an ba ta magani, an kuma rubuta a rage mata sodiyam. Malam Hashim ya san sodiyam kamar yunwar cikinsa, amma a ganinsa ɓata baki ne ya tsaya yi wa matan cikin gida bayani. Ya leƙa daga ƙofar zaure ya ce wa yayarsa, "Yaya, likita ya ce a daina sa wa yarinyar nan gishiri." Ya koma kan littafinsa.

Yarinyar nan yake ce mata, don 'yar fari ce. Shekararta ashirin da shida, ba wanda ya taɓa jin sunanta a bakinsa, bai kuma taɓa taka ɗakin da take ciki ba. Uwarta ma kunyar take, shi ya sa jegon ya koma hannun yayarsa, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Ita kuwa Gwaggo ta yi wa matan dangi jego ya fi a ƙirga, kuma ba a faɗa mata magana sau biyu. Ta janye gishiri, ta janye har dunƙulen miya, abincin Safiya ya koma salam.

Ran kwana goma sha biyu yana alwalar Azahar, Safiya ta fito daga wanka tana dafa bango. Ya kawar da kai kamar yadda ya saba, amma idonsa ya riga ya faɗa kan ƙafarta. Ta kumbura har silifa ya ƙi shiga, kuma taku biyar kacal ta yi ta tsaya tana haki. Bai gama tunanin wanda zai tambaya ba, Gwaggo ta leƙo daga kicin.

"Hashimu, in za ka fita ka biya Ƙofar Wambai ka ƙaro kanwa, ta kusa ƙarewa."

"Wadda na sayo ana gobe suna? Me ake yi da ita haka?"

"Kunun mai jego mana, safe da yamma. Tunda ka ce a hana ta gishiri ma na ƙara mata hannu, kada baki ya yi mata lami nono ya ƙafe."

Malam Hashim ya ajiye buta a hankali. "Yaya, kanwa ai ita ce abin da aka hana ta."

"Gishiri ka ce, da kunnena na ji."

"Abin da ke cikin gishirin aka hana, sodiyam sunansa, kuma kanwa cike take da shi. Shi ke riƙe ruwa a jiki, zuciya ta yi ta fama har ta gaji."

"Gishiri fari, kanwa ja. Gishiri a miya, kanwa a kunu. Ko makaho ya ɗanɗana ya san ba ɗaya ba ne."

Takaici ya kama shi. Ya shige kicin, wurin da rabonsa da shi tun ana ginin gidan, ya kunna gas. Ya barbaɗa gishiri a shuɗiyar wutar, ta yi ruwan ɗorawa. Ya murje kanwa ya barbaɗa, ta sake yin ruwan ɗorawa. Da wannan gwajin yake rufe bakin 'yan aji huɗu, har su yi masa tafi.

"Kin gani? Launi ɗaya, don abu ɗaya ne a cikinsu."

Gwaggo ta miƙa hannu ta kashe gas ɗin. "Ka gama wasa da wutar? Inna da kunun kanwa ta yi jegonka, ga ka nan har da furfura kana ƙona mini kaya."

Ya fita fuu zuwa zaure ya ɗauko littafinsa, don ya nuna mata a rubuce. Ya buɗe shafin, ya bi da yatsa. A gaban sodiyam, da kyakkyawan rubutun nan nasa da yake taƙama da shi, kalma ɗaya ce tak: gishiri. Ya yi tsaye yana kallonta. Haushin da ya kwaso na Gwaggo duk sai ya dawo kansa, kunya da tsoro suka rufe shi.

Kafin ya dawo tsakar gida Gwaggo ta shige ɗakin Safiya da kofin kunu yana tururi. Ya tsaya a bakin labule.

"Ke yarinyar nan, kada ki sha."

"Sha abinki," in ji Gwaggo daga ciki. "Karatu ne ya yi wa ubanki yawa."

Ya ji ƙarar ludayi a jikin kofi. Ya ɗaga labulen ya shiga.

"Safiya. Ajiye kofin nan, don Allah."

Ludayin ya tsaya a hannunta. Uwarta da ke tsince shinkafa a waje ta saki faranti. Malam Hashim ya durƙusa a gaban gado, ya danna ƙaurin 'yarsa da babban yatsa, ya ɗauke. Wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

Gwaggo ta dubi ramin, ta dubi ƙanenta da ke durƙushe a ɗakin 'yarsa ta fari. Ba ta fahimci sodiyam ba, amma ta san ƙaramin abu ba zai shigo da Hashimu nan ba. Ta karɓe kofin daga hannun Safiya, ta tura shi ƙarƙashin gado.

"To tashi ka nemo adaidaita," ta ce, muryarta a sanyaye. "Ni zan goya jaririn."

Ya miƙe zai fita, Safiya ta ja numfashi da ƙyar. "Baba, ashe ka san sunan."

Ya tsaya riƙe da labule, bai juyo ba.

"Ni na raɗa miki shi a kunne," in ji shi. "Sa mayafinki mu tafi."