Watan da Lifta Ta Lalace

Shagon Mai Agogo yana hawa na biyu, a lungun bayan matakala, inda ko ƙuda sai ya yi ɓatan kai yake leƙawa. Arhar haya ce ta zaunar da shi nan tun da aka buɗe rukunin shagunan. Masu kawo masa gyara ba su da yawa, amma sun san hanya.

Sai masu ginin suka ɗauko masanin ƙididdiga ya yanka wa kowane shago haya gwargwadon wurinsa. Masanin ɗan ƙanwar Mai Agogo ne, a gidansa ma ya tashi. Har kuri tsohon ya yi wa telan da ke maƙwabtaka da shi: "Namu ne ke riƙe da wuƙar, ka kwantar da hankalinka."

Yaron ya auna nisan kowane shago daga babbar ƙofa, ya duba hawa da faɗi, ya kafa wata 'yar na'ura a saman ƙofofi tana ƙirga masu wucewa. A watan ƙirgen ne lifta, na'urar hawa bene, ta lalace. Duk mai hawa sama sai ta matakalar baya, yana haki yana tsaki, ya gifta ta gaban shagon agogo ko kallo babu. Na'ura kuwa ba ta san mai tsaki ba, ƙafa kawai ta sani.

Da sabuwar haya ta fito, ta lungun ta kusa kamo ta masu gwal na bakin ƙofa.

Mai Agogo ya sa rigarsa ta fita unguwa ya hau ofishin masu ginin. Ya tarar da yaron gaban kwamfuta, allon cike da ɗige-ɗige, wani layi ya ratsa tsakiyarsu.

"Ɗan nan, lifta ce fa ta lalace. Yanzu an gyara, je ka ga lungun, ko kare ba ya bi."

"Na sani, Kawu."

"Ka sani?"

"Tun ranar farko." Bai ɗago kai ba. "In na cire shagonka, cewa za a yi na yi wa ɗan'uwa alfarma. In na cire watan duka, aiki ya koma ɗanye. Na riga na miƙa, an yaba."

"To ni ina nake a nan?"

Yaron ya nuna wani ɗigo da bakin biro. "Ga ka. Kai ne ma ka fi kowa zama daidai a kan layi." Ya yi 'yar dariya. "Ka yi haƙuri, Kawu. Dama wa ke gyaran agogo yanzu? Kowa waya yake dubawa."

Tsohon ya daɗe yana kallon ɗigon. Sannan ya juya ya sauka.

Haya ta fi ƙarfinsa, a ƙarshen wata ya nannaɗe agogunan bango a tsofaffin jaridu, tela na kama masa. Suna ta kai da komo da kwalaye sai ga yaron ya sauko da sauri. Mai Agogo ya ajiye kwalin hannunsa, ya gyara tsayuwa.

"Kawu, don Allah ku riƙa bi ta ƙofar masu shara. Na fara sabon ƙirge, zirga-zirgarku tana ɓata min lissafi."