Ranar da Sarki Rwemiko Ya Rasa Mashinsa

Sarki Rwemiko ya ci ƙasashe bakwai a gefen tafkinmu, ya kwashe shanunsu da tamburansu. Dokarsa ita ce duk wanda ya dawo daga yaƙi babu mashinsa, kisa ne. Bahemuka, abokinsa tun suna kiwon maruƙa, shi ke zartar da ita.

A yaƙi na takwas, suna tsallake kogi da rana tsaka, ruwa ya ja wani mayaƙi mai rauni. Sarki ya saki mashinsa ya cafko shi. Kafin su kai gaɓa, ruwa ya tafi da mashin.

Kowa a rundunar ya zuba wa Bahemuka ido.

Sarki ya durƙusa cikin laka ya ce, "Yi aikinka."

"Ranka ya daɗe, tashi."

"Mutum arba'in ka soke da umarnina. Ƙirjina ya fi nasu ne?"

Bahemuka ya ɗaga mashi. Ya daɗe a haka, sannan ya juya ya wurga shi tsakiyar kogi.

"To, mun zama biyu," in ji shi. "Wa zai fara da mu?"

Ba wanda ya motsa. Can wani da dokar ta cinye ƙanensa ya matso, ya tofar da yawu gaban sarki, shi ma ya jefa nasa mashin cikin kogi. Sauran suka bi.

Rwemiko bai sake fita yaƙi ba. Gidajen mutum arba'in ɗin nan ya bi ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, yana kora musu shanun diyya.