Itacen Wankan Safiatou

Tun cikin Safiatou bai fito ba na fara tara itace. Ba ita ta gaya mini ba, a tafiyarta na gani. Ita ce autata, kuma ita kaɗai ce mace cikin waɗanda suka rayu. Ta daɗe a lakwal tana karatun boko, ta daɗe ba ta yi aure ba, yanzu konseye ce, zaɓaɓɓiyar wakiliya a meri, ofishin magajin gari, mota ke kai ta tana maido ta. Ni kuwa ina nan Yantala, gidan da maigidana Malam Mu'azu ya mutu ya bar ni, daga ni sai akuya sai rediyon da ba ya magana sai an mare shi.

A wajenmu haihuwar fari gidan uwa ake zuwa. Uwa ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta zaunar da mai jego kan turmi, ta tsoma ganyen dogonyaro tana fyaɗa mata har jiki ya koma mazauninsa, ta dama mata kunun kanwa, haka har a yi arba'in. Innata ta yi mini a Tahoua, ina kuka tana waƙa. Na yi wa ɗiyan maƙwabta da yawa. Tawa guda nake jira.

Da ta haihu a matanite, asibitin haihuwa, na je da ƙullin kanwa a bakin zane. Mijinta Isaka na tsaye da jaririyar, yana riƙe da ita kamar an ba shi ajiyar ƙwai.

Na ce, "Auta, na gyara miki ɗaki. Itace ya kusa kai katanga."

Ta ce, "Inna, likita ta hana ruwan zafi. Ta ce yana taɓa zuciya."

"Likitar nan ta taɓa haihuwa?"

"Uku gare ta."

"Wa ya yi mata wanka?"

"Famfo, Inna."

Isaka ya yi dariya, ya tuna surukarsa ce a gabansa, ya maida ta tari.

Mu ma mun yi siyasa a lokacinmu. A ba mu zane mai hoton wani ƙato, mu dafa shinkafa, a loda mu a babbar mota, mu je mu yi guɗa. Babu wanda ya taɓa tambayata abin da nake so. Yau ɗiyata ke riƙe da mikoro tana jawabi, maza na tafa mata. Na ji daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai mai mikoro ba ta da lokacin zama kan turmi.

Aka yi suna a gidansu, na dawo nawa. Kullum safe sai in hura wuta in ɗora tukunyar ruwan wanka. Halima maƙwabciyata ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Hajiya, ke kika haihu ne ba mu ji ba?" Na ce akuya ce, ta shigo ta yi barka.

Wata rana bayan azahar sai ga mota. Safiatou ta shigo da jaririya a kafaɗa, ta ce 'yar aikinsu ta tafi ƙauye, in riƙe mata yarinyar, akwai zama a meri. Na dubi fuskarta. Ido ya faɗa, leɓe ya bushe, ta sha ado amma tsayuwar ma da ƙyar.

Na nuna mata tukunyar, na ce, "Ruwan safe ne, ya huce. Taɓa ki ji. Wannan ko likitarki ta sha."

Ta taɓa. Ta dubi agogo. Ta ce, "Baya kawai, Inna. Da sauri."

Na kife turmi ta zauna. Na tsoma ganye na bi bayanta a hankali, ba irin fyaɗar Tahoua ba. Wannan bayan nata rabona da shi tun tana tsirara a tsakar gidan nan. Kafaɗunta suka sauka. Ta sha kunu rabin kwano, ta ce bari ta ɗan miƙe kan tabarma, sai barci.

Wayarta ta fara kuka. Na ɗauke ta na tura cikin buhun gero, can ƙasa, na ɗaure baki. Na zauna tsakaninsu, ita da ɗiyarta, ina kore musu ƙuda. Gidan ya daɗe bai ji numfashin mutum uku ba.

Sai bayan la'asar ta farka. Ta dubi rana, ta dube ni.

"Inna, ina wayata?"

Na ce tsufa ya sa ban cika lura ba. Buhun ya ɗauki rawa da kansa.

Ta zaro ta, tana kakkaɓe gero. Ta daɗe tana dubawa.

"Yau ake raba rumfunan sabuwar kasuwa," ta ce. "Matan da ke sayar da kifi a bakin gulbi ni suka wakilta in yi musu magana. An raba babu su. Dama mazan meri cewa suke mai jego ba za ta iya ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta ɗaga da na san abin da zan ce. Ta goya ɗiyarta, ta ce, "Sai an jima, Inna," ta durƙusa kamar yadda na koya mata, ta fita.

Sun samu wata 'yar aikin. Isaka ya aiko mini da tukunyar gas, wai in huta da hayaƙi. Tana ƙuryar ɗaki, na ɗora mata rediyo.

Arba'in ya wuce. Jiya Halima ta ce in sayar mata da itacen tunda ba shi da aiki, damina na tafe zai jiƙe. Na ce mata na wani ne. Na nemo tsohuwar leda na rufe shi, na danne da duwatsu.