Tabarma Uku a Saman Baba

Zane na tara ke nan Malam Nagase ya shimfiɗa musu a kan tebur, kuma Harue ta rantse a ranta ba za a yi na goma ba. Wata bakwai ana abu ɗaya. Shi Malam Nagase mai zanen gidaje ne, ɗan siriri, da haƙuri irin na wanda ya saba a ce masa to yau, gobe a ce a'a. Filin ma ai ba wani fili ba ne, ɗan tsiri ne tsakanin shagon mai tofu, wato awara, da gidan likitan haƙori.

In gaskiya za a bi, don Inna Tome ake ginin nan, mahaifiyar Harue. Shekararta tamanin da huɗu, tana zaune ita kaɗai a ƙauyensu na kan dutse, inda ƙanƙara ke rufe taga ruf. Bara ta zame tana share ƙofar gida, sai mai kawo wasiƙa ne ya tsince ta. Magina kuwa sun ce in ba a ba su zane a watan nan ba, to za su kama wani aikin, ka ga Inna sai ta ƙara wani sanyin a can.

Kowa ya samu abin da ya nema. Shozo, mijin Harue, ya samu rumfar mota da inda zai rataye kayan kamun kifinsa. Inna ta samu ɗaki a ƙasa mai kallon rana. Harue, baiwar Allah, abu ɗaya ta roƙa: ɗan ɗaki a sama, mai faɗin tabarma uku kacal, mai ƙofar da za ta iya rufewa, ta ajiye keken ɗinkinta. Shekara talatin da ɗaya tana ɗinki a teburin cin abinci, tana kwashewa duk sa'ad da wani ya ji yunwa.

Ran nan sun ɗauko Inna a mota don ta gani da idonta. Ba ta yi wani karatu mai zurfi ba, amma matar kafinta ce, zane ba ya ruɗa ta. Ta ɗauki takardar sama ta ɗora a kan ta ƙasa, ta ɗaga su biyun wajen taga.

"Nan ne wurin Baba?" Ta nuna lungun da za a sa akwatin magabata, inda hoton marigayi mijinta yake, inda take kunna masa turare ta ajiye masa shinkafa kowace safiya.

Harue ta ce, "Nan ne, Inna."

"Wannan na samansa fa?"

"Ɗakina ne."

"Au. Wato kan ubanki za ki riƙa takawa. Har da keke."

Shozo ya ce, "Haba Inna, ai ko da ransa in ya yi barci jirgin ƙasa ma ba ya tashinsa."

"Kai da ƙugiyarka, yi mana shiru."

Malam Nagase ya cire tabarau ya murza ido. Ya sunkuyar da kai ya ce kuskurensa ne, a zane na takwas da aka matsar da matakala ɗakin ya faɗo nan, bai lura ba. "Amma Inna, akwai yadda ake yi. A rubuta gajimare a farar takarda, a liƙa a silin saman akwatin, shi ke nan ya zama ba kowa a kansa sai sararin sama. Masu zama a dogayen benaye duk haka suke yi."

Inna ta dube shi sama da ƙasa. "Malam, mijina shekara hamsin yana ɗora wa mutane rufi. Shi ne zai ɗaga kai ya ga takarda ya ɗauka gajimare ne? Mutuwa ya yi, ba wawa ya zama ba."

To, sai aka shiga yawo da Baba a kan takarda. Malam Nagase ya kai shi bangon gabas, bayansa banɗaki ne. Ya kai shi yamma, ƙarƙashin matakala, gara ma na farko. Kudu duk taga ce. Shayin da aka kawo musu ya huce ba wanda ya taɓa. Daga ƙarshe ya ajiye fensir, ya ce in dai za a juya saman gidan, sabon zane ne, wata biyu.

Inna ta fara ɗaure ɗan ƙunshinta. "Ku daina wahalar da bawan Allah. Ku mai da ni gidana. Can ba mai taka shi sai ƙanƙara."

Harue ta san muryar nan tun tana goye. Ba barazana ba ce, haka za a yi. Ta dubi ɗan murabba'in nan na tabarma uku. Har labule ta riga ta saya masa, mai ruwan ganye, yana can cikin leda. Bayanta ya riƙe, ta gaji da hanyar ofishin nan, ta gaji da haddace ina arewa take. Ta jawo fensirin ta ja layi biyu a kan ɗakin.

"Malam, in aka cire daɓen nan aka bar wurin a buɗe har rufi, sabon zane ne?"

Ya dubi layukan da ta ja. "Gyara ne. Kwana biyu. Tagar ɗakinki ma sai ta riƙa zubo masa haske."

"A yi hakan."

Shozo ya sosa ƙeya. "Maman yara, ko in rage miki gefe a rumfar mota?"

"Kusa da tsutsar kifinka? Na gode."

Inna ta sake ɗaga takardun wajen taga, ta daɗe tana dubawa, sannan ta kwance ƙunshinta ta ciro lemo ta miƙa wa Malam Nagase guda. Harue ta fito da hatiminta ta danna a inda aka nuna mata, ya fito a ɗan karkace, ba ta damu ba.

Har sun kai bakin ƙofa, tana riƙe da hannun Inna, ta juyo.

"Malam, wurin teburin cin abincin nan. A ƙara masa kamu biyu ta wajen taga, kekena ya samu wurin zama."

Ya ɗauki fensir ya rubuta.